Baƙin da ke Kwana a Daji Don Kallon Tsuntsaye: Ina Ribar Mutanen Fadamar Haɗejiya?

Idan damina ta wuce, hunturu ya fara busawa, mutanen ƙauyukan da ke bakin fadamar Haɗejiya sukan ga wasu irin baƙi. Wasu Turawa ne, wasu kuma 'yan ƙasa ne daga jami'o'i da manyan birane. Ba sayen kifi ne ya kawo su ba, ba kuma sayen shinkafa ba. Ba su ɗauke da bindiga ko tarko. Abin da ke hannunsu shi ne madubin hangen nesa da kyamara da ɗan littafi. Tun da asuba sai su nufi bakin ruwa, su tsaya shiru suna kallon tsuntsaye.

Mutane da yawa sukan yi mamaki. Me zai sa mutum ya bar gidansa, ya kashe kuɗin mota da na jirgi, don kawai ya ga dinya ko zalɓe? Amsar wannan tambaya ta shafi manomi da masunci da makiyayi, domin akwai abin samu a cikinta.

Mene ne masaukin daji?

A ƙasashe da yawa akwai sana'ar saukar da baƙi a cikin daji. Akan gina 'yan ɗakuna kusa da inda namun daji ko tsuntsaye suke. Baƙo ya zo ya biya kuɗi, ya yi kwana biyu ko uku, ko ma mako guda. Da safe a zaga da shi ya ga dabbobi. Da rana ya huta, da yamma a sake fita. Wannan shi ne masaukin daji, kuma reshe ne na yawon buɗe ido.

Masaukin daji ya sha bamban da otal ɗin birni. Da kayan da ake samu a wurin ake gina shi, kamar laka da ciyawa da azara. Ba a sare manyan itatuwa don a yi masa fili. Wutarsa takan zama ta hasken rana, saboda ƙarar janareto tana korar dabbobi. Ba a zuba shara ko ƙazanta a cikin ruwa. Sannan daga ƙauyukan kusa ake ɗaukar ma'aikatansa, wato masu dafa abinci da masu gadi da 'yan jagora. In ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba, to otal ne kurum aka kai daji.

A Nijeriya ma akwai misalai. A kurmin Jihar Kuros Riba, inda ruwan sama ya yi yawa, itatuwa suka yi tsayi har suka rufe sama, an gina ɗakunan baƙi a gindin Dutsen Afi. Can baƙi kan kwana don su ga wani irin babban biri da ya yi ƙaranci a duniya. A Arewa kuma akwai gandun dajin Yankari a Jihar Bauci, wanda aka buɗe wa masu ziyara a shekarar 1962. Baƙi suna sauka a sansanin Wikki, su ga giwaye da gwaggon biri, su kuma yi wanka a maɓuɓɓugar ruwan ɗumi.

Ƙasar Haɗejiya ba ta da kurmi, ba ta da giwaye. Abin da take da shi wanda zai jawo baƙo shi ne ruwa da tsuntsaye.

Daga ina ruwan yake zuwa?

Kogin Kano da Kogin Challawa su ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya. Kogin Jama'are kuma daga duwatsun Jos yake gangarowa. Da waɗannan koguna suka iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai jigayin yashi, sai ruwansu ya rarrabu. Ya bazu cikin fadamu da tabkuna tun daga Haɗejiya har Nguru da Gashuwa. Ragowarsa ya bi Kogin Yobe zuwa Tabkin Cadi.

Da wannan ruwa ake noman shinkafa. In ya janye a shuka wake da alkama da kayan lambu. A cikinsa ake kama tarwaɗa da karfasa. A bakinsa Fulani suke shayar da shanu da rani. Shi ne kuma yake jawo tsuntsaye.

Matafiya ta sama

Kowa ya san shamuwa. Tana zuwa gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a cikin gari, in ruwa ya ɗauke ta koma kudu. To, akwai wasu tsuntsayen masu irin wannan tafiya, sai dai su daga arewa suke zuwa. Gidansu yana Turai da Rasha. Idan sanyi ya tsananta a can, tabkuna sukan daskare su zama ƙanƙara, abinci ya gagara. Sai tsuntsayen su taso, su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare hamadar Sahara. Tafiya ce ta dubban kilomita. Bayan hamada, fadamar Haɗejiya tana cikin manyan wuraren ruwa na farko da suke tararwa.

Sukan fara isowa wajen watan Oktoba da Nuwamba, su juya gida wajen Fabrairu da Maris. Akwai agwagin ruwa iri iri a cikinsu, da ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a taɓo. Suna haɗuwa da na gida irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela. Masana sun ƙidaya tsuntsaye fiye da iri 370 a wannan yanki. A watan Janairu ne ma'aikata sukan fita ƙidayar tsuntsayen ruwa.

Wani lokaci masunci yakan tarar da tsuntsu da ɗan zobe a ƙafa. Wannan ba asiri ba ne. Masu bincike ne suka sa masa, da lamba a jiki, don a san hanyar da yake bi. Wanda ya ga irin wannan zobe, sai ya sanar da ma'aikatan gandun daji.

Duniya ta san da wurin

Wurare uku ne suka fi suna. Akwai Baturiya a Ƙaramar Hukumar Kirikasamma ta Jihar Jigawa. Akwai Dagona da Tabkin Nguru a Jihar Yobe.

A shekarar 1987 aka kafa shirin kare dausayin Haɗejiya da Nguru, tare da taimakon ƙungiyoyin kare muhalli na gida da na waje. A 1989 Yarima Philip, mijin marigayiya Sarauniya Elizabeth ta Ingila, ya zo Dagona don ganin tsuntsaye. Akwai wata yarjejeniya da ƙasashe suka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971 don kare manyan dausayoyin duniya. An sa Tabkin Nguru cikin jerin wuraren yarjejeniyar a shekarar 2000. Baturiya da Dagona suka shiga a 2008. A 2020 Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yankin Haɗejiya da Nguru da Bade a matsayin wurin da ya kamata a kula da shi. A wannan shekarar kuma Gwamnatin Tarayya ta amince a mayar da dausayin Baturiya gandun daji na ƙasa.

Ta ina kuɗin baƙo ke shiga ƙauye?

Baƙon da ya zo da safe ya koma birni da yamma, ɗan abin da zai bari a ƙauye kaɗan ne. Wanda ya kwana shi ne mai amfani. Shi kuwa mai kallon tsuntsu dole ya so kwana kusa da ruwa, domin da sassafe da kuma gab da faɗuwar rana ne tsuntsaye suka fi fitowa.

Baƙon da ya kwana yana buƙatar ɗaki mai tsabta da gidan sauro. Yana buƙatar abinci, wato shinkafa da kifi da ƙwai da kayan miya, duk daga hannun mutanen wurin. Yana buƙatar kwalekwale da mai tuƙa shi. In zai tafi yakan sayi tsaraba, kamar tabarmar kaba da faifai da malafa. Nan ne mata masu saƙa suke samun nasu rabon.

Abin da ya fi buƙata shi ne ɗan jagora. Babu wanda ya san inda dinya take kwana kamar maharbi. Babu wanda ya san hanyoyin ruwa kamar masunci. Maharbin da ya harbe dinya, sau ɗaya zai karɓi kuɗinta. Amma in ya bar ta da rai, ya nuna wa wannan baƙo yau, ya nuna wa wancan gobe, kullum da ladan jagoransa.

Ɗan jagora yakan gaya wa baƙo dokokin wurin: ba hayaniya, ba taɓa sheƙa ko ƙwai, ba zubar da leda. Yakan kuma gaya masa al'adun gari. Baƙo ya fara kai gaisuwa wurin mai gari, ya yi shigar mutunci, kada ya ɗauki hoton kowa sai da izini.

Abubuwan da ke barazana

Matsala ta farko ita ce ta ruwa. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Madatsun suna da amfani ga noman rani da ruwan shan Kano, amma sun canza yadda ruwa ke zuwa. Ambaliyar damina da ke cika fadamu ta ragu. Wasu hanyoyin kuma ruwa ba ya yankewa a cikinsu duk shekara.

Wannan ne ya ba ciyawar kacala damar yaɗuwa. Kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. Wani gari ya rasa ruwa, wani kuma ruwa ya ci shi. A cikin kacala ne kuma jan baki yake samun maɓoya, daga nan ya faɗa wa gero da shinkafa. Ya kamata a bambanta: jan baki daban, agwagin ruwa daban. Gubar da aka zuba ba bisa ƙa'ida ba tana kashe kifi da tsuntsayen da ba su ci wa kowa gona ba.

Sai kuma saran itatuwa don itacen girki da gawayi, da farauta ba ƙaƙƙautawa. Gauraka misali ce. Dattawa sun san lokacin da ake ganinta da yawa a fadamu. Yanzu ganinta ya yi wuya a Nijeriya.

Akwai kuma gaskiyar da ba za a ɓoye ba. Baƙin ba su da yawa, kuma rashin tsaron da ya addabi Arewa maso Gabas ya rage zuwan na ƙasashen waje. Zuwansu ma na 'yan watanni ne a shekara. Don haka wannan sana'a ƙari ce a kan noma da su da kiwo, ba madadinsu ba ce. Haka nan in an keɓe daji aka hana kiwo da saran itace ba tare da shawara da mutanen wurin ba, rigima takan biyo baya. Mutum ba ya gadin abin da bai ga ribarsa ba.

Abin yi

Ƙauyen da ke son cin moriyar wannan harka ba sai ya jira babban gini ba. Matakin farko shi ne mai gari da dattawa su zauna da ma'aikatan gandun daji, a san iyakar inda aka keɓe da inda aka yarda a yi su da kiwo. Na biyu, a kafa ƙungiya da ta haɗa masunta da maharba da makiyaya da mata, a riƙa rubuta abin da ya shigo da yadda aka raba shi. Na uku, a ci gaba da aikin gayya na yanke kacala, domin hanyar da aka buɗe wa ruwa ta amfani gona, ta amfani kifi, ta amfani tsuntsu.

Baƙi ma ba sai Turawa ba. Ɗaliban makarantu da ma'aikata daga Dutse da Kano suna iya zuwa, tunda gani ya kori ji. Bukka mai tsabta da ruwan sha mai kyau sun isa a fara da su. Sauran kuma halin mutanen gari ne, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.