Alƙalami Abokin Kuka: Rubutu da Raɗaɗin Ɓarin Ciki

Ɓari ba baƙon abu ba ne. A shekarar 2021 mujallar likitoci ta The Lancet ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 15 cikin 100 na cikin da aka san da samuwarsa yana zubewa, watau kusan miliyan 23 a duniya kowace shekara. Wajen rabin ɓarin farkon ciki kuskure ne a ƙwayoyin gadon halitta na ɗan tayi ke jawo shi, ba sakacin uwa ba. Duk da haka mata da yawa kansu suke zargi. 'Yan'uwa su zo sannu, su ce Allah ya kawo rayayye, kowa ya kama gabansa, ita kuwa kunya ta hana ta buɗe baki.

Wannan shiru yana da illa. Masana a Imperial College da ke Landan sun bayyana a 2020 cewa wata guda bayan ɓari, kashi 29 cikin 100 na matan da suka bincika suna da alamun firgicin da kan biyo bayan mummunan tashin hankali.

To, ina ruwan rubutu da wannan? A wani bincike da aka wallafa a 1986, James Pennebaker da Sandra Beall sun sa ɗaliban wata jami'a a Amurka rubutu na minti 15 a kullum, kwana 4 a jere. Waɗanda suka rubuta abin baƙin cikin da ya same su, haɗe da yadda suka ji, sun rage zuwa asibiti a watannin da suka biyo baya. Masana na ganin cewa mayar da damuwa kalmomi yana tilasta wa mutum jera abin da ya faru daki-daki, maimakon ya yi ta saƙa da warwara. A 2007 Matthew Lieberman ya nuna cewa ambaton sunan wani yanayin zuciya yana sassauta aikin amigdala, sashen ƙwaƙwalwa mai faɗakar da tsoro.

A Jamus kuma, Anette Kersting ta jagoranci gwaji da iyayen da suka yi rashin ciki. Sun yi mako 5 suna rubutu ta intanet, ƙwararre na duba musu. Sakamakon da ya fito a 2013 ya nuna firgicinsu da baƙin cikinsu sun ragu fiye da na waɗanda ke jiran layi.

Hanyar ba ta da tsada. Mace ta keɓe, ta rubuta abin da ke ranta, da boko ko da ajami, ba ruwanta da nahawu. Ba dole kowa ya gani ba. Zuciya kan yi nauyi jim kaɗan bayan rubutun; idan abin ya tsananta, a dakata.

Sai dai alƙalami ba ya maye gurbin likita. Zubar jini mai yawa, ko zazzaɓi, ko tunanin cutar da kai, duka na buƙatar asibiti nan take. Malamai da ɗalibai kuwa, idan hakan ta sami wata a gidajenku, ku fara da saurarenta, sannan ku miƙa mata littafi da biro.