Maganin Ido da Ya Rage Mutuwar Yara

Wanda ya tashi a karkara ya san tsohuwar da ba ta rabuwa da matsefata, tana tsinke gashin idonta da ya juya ciki yana kartar ƙwayar idon, hawaye na zuba. Amosanin ido ke nan, ciwon da ƙuda da ƙarancin ruwa ke yaɗawa har ya kai mutum ga makanta. Saboda shi aka riƙa bi ƙauye-ƙauye ana raba maganin azithromycin.

A Habasha likitocin ido suka ga abin da ba shi suka je nema ba. A 2009 suka bayyana cewa a ƙauyukan da aka raba maganin, mutuwar yara ta yi ƙasa da kusan rabi. Sai aka shirya babban gwaji mai suna MORDOR a Nijar da Malawi da Tanzaniya, da yara wajen 190,000 'yan ƙasa da shekara biyar, ana ba su sau biyu a shekara. Sakamako ya fito a 2018. A Nijar, can jihar Doso, mutuwar yara ta ragu da kashi 18 cikin ɗari. Kowane ɗaya a wannan lissafi ɗan wata uwa ne da ba a kai makabarta ba.

Amma masu binciken ba su tsaya murna ba. Suka riƙa ɗibar majinar yaran suna aunawa. A inda aka raba maganin, kusan kashi 12 cikin ɗari na ƙwayoyin da ke kawo ciwon huhu sun daina jin sa; a inda ba a raba ba, kusan kashi 3. Shi ya sa a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita rabon da ake yi don rage mutuwar yara ga jarirai 'yan wata 1 zuwa 11, a wuraren da mace-macen yara ya yi tsanani kawai.

Wannan taka-tsantsan nake tunawa duk lokacin da ciwon afolo ya ɓarke mana a Dutse Alhaji. Afolo bairos ke kawo shi, magunguna irin su azithromycin ba sa taɓa shi. Duk da haka za ka ga mutum a kemis, ido jawur, yana cewa a ba shi na ɗigawa mai ƙarfi, a haɗa masa da kafso biyu. Ya kai kwalbar gida, bakinta ya taɓa idon uba, ya taɓa na uwa, daga nan ta koma kan jaririn da ke goye.