Gure: ma'aikacin gwamnati tsakanin kwantaragi da wayar salula

Wanda ya bar Damagaram ya nufi gabas bisa babbar hanyar da ta zarce zuwa Difa, sai ya ci kilomita wajen 160 kafin ya hangi duwatsun Gure. Tsohon gari ne na sarautar Muniyo, inda matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya yada zango a shekara ta 1852. Ga ma'aikacin gwamnati, zaman cikin garin shi ne mai sauƙi. Wuyar tana bayan gari, wajen Bune, Kelle, Gamu, Gidigir da Alakos, inda ƙauyuka suke warwatse cikin kwaruruka na dabino da kanwa, tuddan rairayi sun kewaye su. Faɗin gundumar ya kai har a 2011 aka yanke mata Taskar, ta zama gunduma mai zaman kanta. A irin wannan ƙasa, babbar tambayar da ke gaban kowane shugaban ma'aikata ita ce yadda wanda aka tura ƙauye zai zauna a bakin aikinsa.

Dattawan da suka yi aiki bayan samun mulkin kai a 1960 suna tune da wani tsari. Yaro ya gama makarantar horon malamai, a ba shi lambar aiki, wadda ma'aikata ke kira matirikil, a tura shi inda hukuma ta ga dama. Albashinsa yana ƙaruwa da shekaru, fanshonsa yana jiransa. Wannan tsari ya girgiza cikin shekarun 1990, lokacin da baitulmali ya yi rauni: aka tsuke ɗaukar sababbin ma'aikata, bashin albashi ya taru, aka kuma karya darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994. Alhali yara ba su daina isa shekarun shiga lakwal ba.

Mafitar da aka samo ita ce ɗaukar malamai ba tare da lambar aiki ba. A 1998 aka fara da waɗanda aka kira ƴan sa-kai na ilimi, daga baya aka mai da su ƴan kwantaragi, musamman ƙarƙashin shirin raya ilimi na shekara goma da aka soma a 2003. Gaskiya ce, da wannan dabara aka buɗe makarantu a ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon lakwal ba, har ya zama mafi yawan malaman firamare na Nijar ƴan kwantaragi ne. Amma an sami malamai biyu cikin makaranta guda, suna koyar da darasi iri ɗaya, ɗaya yana da cikakken albashi da fansho, ɗayan kuwa alawus ne yake karɓa, wanda sau da yawa yakan makara. Ƙungiyoyin ƙwadago, irin su SYNACEB, sun sha tafiya yajin aiki a kan wannan. A gunduma kamar Gure, makarar kuɗi tana da wani nauyi na dabam: malamin da ya taso daga ƙauye mai nisa don karɓar haƙƙinsa a babban gari, idan aka ce masa ya dakata, to ajinsa ma ya dakata, domin a makarantu da dama babu wanda zai riƙe masa yara.

A watan Yuli na 2017, ministan ilimin firamare na lokacin, Dauda Mamadu Marte, ya sa aka yi wa ƴan kwantaragi jarrabawa a duk faɗin ƙasa. Kimanin kashi ɗaya cikin uku ne suka sami rabin maki ko fiye. Aka sallami waɗanda suka fi rauni, aka shirya wa wasu ƙarin horo. Ƙungiyoyin malamai sun yi tir da yadda aka gudanar da abin. Ko mene ne ra'ayin mutum, jarrabawar ta tona cewa shekara da shekaru ana ɗaukar mutane cikin gaggawa, ana danƙa musu alli ba tare da isasshen horo ba. Wanda aka ɗauka ba shi ya tsara hanyar ɗaukar ba, kuma bai dace a ɗora masa dukan laifin ba.

Sabon abu na biyu shi ne wayar salula, kuma a nan masu karatun yaƙi da jahilci suna da abin alfahari, don a ajinsu aka yi gwajin. A 2009 da 2010, cikin ƙauyukan jahohin Doso da Damagaram, ƙungiyar CRS tare da wata mai bincike daga jami'ar Tufts ta Amurka, Jenny Aker, suka shigar da koyon amfani da salula cikin darasin manya. Aka tarar waɗanda suka koyi rubuta saƙo a waya sun fi sauran ci gaba a rubutu da lissafi. Bayan ƴan shekaru aka sake wani gwaji a jahohin Maraɗi da Damagaram, wannan karon a kan malaman kansu. Kowane mako sai a buga waya ga malamin, da mai gari, da ɗalibai biyu, a tambaye su ko an yi karatu, mutum nawa suka zo. Ba a ƙara wa kowa ko dala ba, ba a kuma zabge wa kowa ba. Duk da haka, sakamakon ɗaliban waɗannan ƙauyuka ya ɗara na sauran.

Ya kamata masu kula da ma'aikata su tsaya su dubi wannan da kyau. Sufeton makarantu a Gure ba zai iya zagaya kowane kwari cikin wata guda ba. Mota ɗaya, man fetur kaɗan, ga yashi mai cin taya. Kiran waya kuwa ba ya cin komi in an gwada shi da rangadi. Wasu za su ce tsoro ne ya sa malaman suka dage. Mai yiwuwa akwai wannan, amma wanda ya taɓa zaman ƙauye mai nisa ya san cewa abin da ya fi karya zuciyar ma'aikaci shi ne ya ga kamar an manta da shi. Sai dai wayar da ke tambayar malami ko ya shiga aji, ya kamata ita ma ta iya gaya masa ranar da kuɗinsa zai fito, da matsayin takardunsa na neman lambar aiki. In tambaya kaɗai take yi, ba ta ba da amsa, ba da daɗewa ba za a daina ɗauka. Ga kuma ƙauyukan da layi ba ya kaiwa sai an hau tudu.

Sauyi na uku bai gama bayyana ba tukuna. Kundin tsarin sake gina ƙasa da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. In har abin ya sauka daga takarda zuwa ofis, za a buƙaci magatakarda da masu fassara da suka iya rubuta Hausa bisa ƙa'ida, kuma waɗanda suka yi yaƙi da jahilci suna cikin masu wannan sani tun tuni. A Gure, inda Mangawa, Fulani, Tubawa da Buzaye ke haɗuwa da Hausawa a kasuwa ɗaya, shugaban ma'aikata zai ƙara da wata tambaya kafin ya sa hannu a takardar tura malami ko jami'in lafiya: wane harshe ake yi a ƙauyen, kuma wanda za a tura yana jin sa?