Daga Zangon Wagadugu zuwa Inda Ƙasa ta Ƙare

Idan mutumin Wagadugu ya ce zai je bakin ruwa ranar Lahadi, galibi Lumbila yake nufi, madatsar ruwan nan da ke kan hanyar Kaya, tafiyar kilomita 20 ko kusa da haka. A can ake baza kujeru ana gasa kifi, yara suna ta tsalle a gefen ruwa. Burkina Faso ba ta da ko taku ɗaya na gaɓar teku. Amma ruwan da ya tumbatsa a Lumbila da damina yakan bi Masili ya faɗa Nakambe, ya ratsa Bagre, ya shiga Gana, ya yi zango a tafkin Akosombo, sannan ya zube cikin teku a Ada. Ruwan garin yana zuwa teku kowace shekara. Mutanen garin ne ba kasafai suke zuwa ba.

'Yan Zango su ne suka fi kowa sanin hanyar kudu, gado ne. Fataken Gwanja da suka taso daga Kano da Katsina da Sakkwato neman goro a Salaga sun riƙa ratsa ƙasar Mosawa, wasunsu suka sauke kaya a Wagadugu ba su ƙara ɗauka ba. Mosawa suka kira unguwarsu Zanguwetin. Jikokinsu har yau suna sauka Kumasi da shanu da albasa da tumatir, wasu su zarce tashoshin jiragen ruwa na Tema da Takoradi ɗauko kaya. To amma wanda ya je tashar jirgi bai ga teku ba, katanga ya gani da layin manyan motoci da ofishin kwastan. Da yawa sun kwana Takoradi sau goma ba su taɓa sa ƙafa cikin rairayi ba.

Ga mai son gani da ido, tafiyar ta kusa kilomita 1,000. Daga Wagadugu a bi ta Po, a tsallaka iyaka a Paga da katin rigakafin shawara a hannu, sai Bolgatanga, Tamale, Kintampo, Techiman, Kumasi, sannan Takoradi. A iyakar ne ake canza sefa zuwa sidi, kuma a nan akwai abin lura. Sunan kuɗin Gana ya samo asali ne daga kalmar da 'yan ƙabilar Akan ke kiran wuri da ita. Mu ma kalmarmu ta kuɗi jam'in wuri ce. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Ƙwanson wata 'yar halittar teku ce da ake tsinta a tsibiran Maldif, can cikin tekun Indiya, jiragen Turawa suna jibge ta a gaɓar Afirka ta Yamma buhu-buhu. Ashe Bahaushe ya yi ƙarni biyu yana ƙirga teku da yatsunsa, yana biyan sadaki da ita, tun bai san ƙamshinta ba.

Daga Takoradi, inda Zango yake da rai kuma Hausa ta ishe ka cinikin komai, har da shinkafa da waken da mutanen Gana suka mayar wace, sai a yi yamma zuwa Agona Nkwanta. Daga nan hanya takan fara lalacewa. Kwalta ta ƙare, jar ƙasa ta karɓa, gonakin roba a dama da hagu sun yi sahu kamar masallata. Da damina mota takan kafe, sai babur. Ƙarshen wannan wahala shi ne Akwidaa da tsinin ƙasar da ake kira Kef Tiri Foyin, wato tsini uku, wuri mafi kudu a duk faɗin Gana.

Abin da zai fara bugun mutumin Sahel ba girman ruwan ba ne, ƙararsa ce. Mun saba da ruwa mai shiru: tafki, rijiya, gulbi da rani. Wannan kuwa ba ya rufe baki dare da rana, kamar hadari da ya ƙi saukowa. Rairayi ya miƙe tsakanin duwatsu baƙaƙe, bishiyoyin kwakwa sun sunkuyo, kana iya tafiyar sa'a guda ba ka haɗu da kowa ba sai ƙaguwa da ke rugawa rami. A kan tsinin akwai hasumiyar fitila da aka gina a 1925 domin jiragen ruwa, kusa da kangon wadda ta riga ta. Wanda ya tsaya nan ya dubi kudu, babu sauran ƙasa a gabansa sai ƙanƙarar ƙarshen duniya. Tambayar farko da ɗan Zango kan yi ita ce ko wannan ruwan gishirin yana alwala. Malamai sun daɗe da amsawa: yana yi. Tambayar da ya kamata ya yi ita ce ko yana shiguwa. Igiyar wannan gaɓa tana da ja ta ƙasa, takan ɗauke ƙafar wanda ya iya iyo ma, balle wanda iyakar saninsa dam ɗin Tangin na Wagadugu. Inda 'yan gari ba su shiga ba, kada baƙo ya gwada.

Da iskar hunturu ta fara kaɗawa a arewa, a nan kunkuran teku ne ke fitowa cikin dare su haƙa rairayi su binne ƙwai, su koma. Waɗannan da shirun wurin su ne jarin 'yan ƙananan masaukan da aka kafa da katako da ciyawa, waɗanda ke tallata gaɓar ga Turawa da cewa wuri ne da hannun mutum bai taɓa ba.

A nan ne ni da masu tallan muka raba hanya. Ƙasar Ahanta ce, kuma hannu ya taɓa ta har ya bar tabo. Yamma kaɗan, a Pokesu, akwai ganuwar da Jamusawan Birandanbag suka kafa a 1683. A Akwidaa akwai kangon wata tasu cikin kurmi. A Butre ta Holan ce, a Dikisko ta Ingila. Ba don shan iska aka gina su ba. Jiragen da suka sauke wurin da muka yi ado da shi, mutane suka loda suka koma da su, kuma wasu daga cikin mutanen daga arewa aka gangaro da su. A 1838 'yan Holan suka kashe sarkin Ahanta, Badu Bonsu na Biyu, suka tafi da kansa, ba su mayar ba sai 2009. Ko kwakwar da ake ɗauka hoto a ƙarƙashinta ragowa ce: cutar da ke sa ganyenta rawaya ta ɓulla a yankin a shekarun 1960, ta bar gonaki da yawa sai kututture tsaye. A 2007 aka gano ɗanyen mai a cikin teku daura da wannan tsini, aka fara haƙo shi a ƙarshen 2010, aka kuma shata wa masunta iyakar da kwale-kwalensu ba zai kusanta ba. Shirun da baƙo ya biya kuɗi ya zo saurare, mai gari yana kiransa rashin hanya, domin shi ne ke ɗaukar mai naƙuda a kan babur.

Ban ce kada a je ba. A je, a ci kifin da aka banda da safe, a ga yadda maza ashirin ke jan koma ɗaya da waƙa, a lura cewa a yawancin garuruwan masunta na Gana ba a shiga teku ranar Talata. Sai dai a yi sallama kafin a ɗaga waya, a tambayi mai unguwa kafin a hau kango. Ɗan Zangon Wagadugu bai kamata a koya masa wannan ba. A 2003 aka sa katafila a Zanguwetin da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita domin shirin ZACA, na gina cibiyar kasuwanci a tsakiyar birni. Aka kwashe mutane zuwa gefen gari, wajen Waga 2000 da Nioko. Shekaru suka yi ta wucewa filaye da yawa suna nan ba gini, ciyawa ta rufe inda zauruka da makarantun allo suke. Baƙon da ya biyo ta wurin a lokacin zai iya rantsewa ba a taɓa zama a nan ba.

Masu dawowa daga teku sukan cika 'yar jarka da ruwanta, tsaraba ga tsofaffi. A tsakar gida za a zuba a murfi, kowa ya tsoma yatsa ya ɗanɗana ya yamutsa fuska, wata iya ta ce a ajiye mata saura saboda ciwon ƙafa.