Tsohon lens na kyamara: a duba lafiyarsa kafin a duba sunansa

Duk matashin da ya kama sana'ar ɗaukar hoto a unguwar Dakata ta Kano ya san cewa sayen kyamara somin-taɓi ne, lens ne ke karya aljihu. Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023, sabon lens mai saita kansa ya gagari kundila, shi ya sa ido ya koma kan tsofaffin na zamanin fim, waɗanda sai an murɗa zobe da hannu hoto yake fitowa tas. Ana samunsu cikin kayan Kwatano, da wajen 'yan kasuwar intanet, da durowar tsofaffin masu situdiyo. Tsohuwar zuma ce, babu shakka, amma ba kowace ake magani da ita ba. Darajar irin wannan kaya tana cikin lafiyarsa da dacewarsa da kyamararka da aikinka. Sunan da aka rubuta a bakinsa shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a biya wa kuɗi.

Arahar tasu ba daga rashin inganci ta samo asali ba. A 1985 kamfanin Minolta ya fito da kyamarar 7000 mai saita fokas da kanta, a 1987 kuma Canon ya watsar da bakin FD ya koma EF, sai miliyoyin lens masu kyau suka zama marayu. Takumar na Pentax, da Rokkor na Minolta, da Zuiko na Olympus, duk ƙirar Japan ce ta ƙarfe da gilashi. Helios-44 kuwa, mai milimita 58, Tarayyar Sobiyat ce ta ƙera shi bisa tsarin Biotar na kamfanin Zeiss na Jamus, a masana'antu daban-daban, kuma ba duka suka fito da kyau iri ɗaya ba. Biyu masu suna ɗaya, wani ya ba ka hoto mai kaifi, wani ya ba ka dishi-dishi. Ga shi kuma tunda masu shirya finafinai a Amurka suka fara sake wa irinsu gida suna aiki da su, 'yan kasuwa suka samu abin kururutawa, farashi ya tashi ba tare da gilashin ya ƙara komai ba.

Saboda haka gwaji ne alƙali, kuma ba ya buƙatar komai sai tocilar waya. A buɗe ƙofar hasken gaba ɗaya, a haska daga baya, a leƙa ta gaba a ɗan karkace. Ƙananan ƙwayoyin ƙura ba abin damuwa ba ne, babu lens ɗin da ya shekara arba'in bai haɗiyi ƙura ba, balle wanda ya sha hunturun Kano. Abin gudu shi ne fumfuna, wadda ke bayyana kamar zaren yanar gizo-gizo yana yaɗuwa daga gefe. Idan ta daɗe takan cinye shafen da ke kan gilashin, ko an goge tabon yana nan. Sai hazo, wani farin lulluɓi da ke sa hoto ya fito a kwance babu armashi, musamman idan ana fuskantar haske. Sai kuma rabuwar gilasai biyu da aka manne, wadda ake ganewa da launin bakan gizo a gefe, ita kam gyaranta ya fi ƙarfin kuɗin lens ɗin. Abin mamaki, ɗan kwarzane a gilashin gaba, wanda ya fi tsorata mai saye, da wuya ya nuna a hoto. Na gilashin baya shi ne mai illa. Daga nan a murɗa zoben fokas daga farko zuwa ƙarshe: ya tafi sumul, kada ya cije, kada kuma ya yi lako-lako, domin cijewa alama ce ta giris ya bushe. A rufe ƙofar haske a buɗe, a ga fikafikanta a bushe suke kuma suna motsi nan take. Idan suna ƙyallin mai, wata rana za su maƙale ana tsakiyar aiki.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen adafta, domin mai sayarwa zai ce maka kowane lens yana hawa kowace kyamara. Ba haka ba ne. Kowane baki yana da tazarar da aka ƙayyade tsakaninsa da sensa: FD milimita 42, EF milimita 44, Nikon F milimita 46.5, Sony E kuwa 18 kacal. Lens yana hawa lafiya ne a kan kyamarar da tazararta ta fi tasa gajarta. Shi ya sa masu kyamara marar madubi suka huta, kusan komai yana shiga. Amma wanda ke riƙe da Canon mai madubi ya sayi FD, ko mai Nikon ya sayi M42 mai murɗi, ba zai iya saita abu mai nisa ba sai da adafta mai ƙarin gilashi, wadda ke rage kaifin da aka saya dominsa. A kuma tuna cewa a kyamara mai ƙaramin sensa, milimita 58 yana matse fili kamar 90, ba zai ɗauki taron dangi a ƙaramin falo ba.

Wani zai ce wahala ce kawai, ga sabon Canon 50mm f/1.8 ko Yongnuo na Sin suna saita kansu. Wannan magana tana da ƙanshin gaskiya, kuma a wajen biki ma ita ce gaskiyar. Amarya tana shigowa, ƙawaye na rawa, ana liƙi, hasken zauren kuma ba shi da ƙarfi, mai murɗa zobe zai tashi da rabin hotunansa a dushe, kuma ba a maimaita kamu domin mai hoto. Amma ba biki ne kaɗai kasuwa ba. Ƙananan masana'antu da dillalan Bompai da Sharada da Challawa suna neman hoton kayansu, robobi da sabulu da takalma da fata, domin tallatawa a Instagram da WhatsApp. Takalmi ba ya motsi. A kan ƙafar kyamara, an rage ƙofar haske zuwa f/8, lafiyayyen Takumar zai fitar da ƙwayar fata da ɗinkin zare yadda mai kaya zai gamsu. Haka ma masu bidiyo na Kannywood, waɗanda dama da hannu aka saba jan fokas a aikinsu.

Akwai masu tsoron wasu samfuran Super-Takumar 50mm f/1.4 saboda sinadarin toriyom da ke cikin gilashinsu, wanda ke sa shi yin rawaya da tsufa. Tururin da yake fitarwa kaɗan ne ga mai aiki da shi yadda aka saba, sai dai kada a fasa gilashin ko a goge shi da abu mai kankara. Abin da ya fi cancantar tsoro shi ne laimar watan Agusta: lens da aka kulle a jaka mai duhu da damina, fumfuna yake kira. A ajiye shi inda iska ke ratsawa, ko cikin roba mai murfi tare da ƙullin nan mai shan danshi da ake samu a kwalin takalmi.

Mai saye ya je da kyamararsa da adaftarsa, ya ɗauki hoton rubutun allon shagon da ke tsallaken titi da na abin da ke kusa, ya faɗaɗa su ya duba tsakiya da kusurwoyi. Idan ta intanet ne, a nemi bidiyon gwajin tocila da alkawarin mayarwa kafin a tura ko sisi. Ɗan kasuwar da ya ƙi wannan sharaɗi kifi a ruwa yake sayarwa, a bar masa kayansa.