Majigi da Hoton Soja a Zamanin Yaƙin Hitila

Kalmar majigi ta samo asali ne daga sunan da Turawa suka ba wata fitila mai haska hoto a jikin bango. Da tafiya ta yi tafiya, sai Hausawa suka laƙaba sunan ga motar gwamnati mai yawo da injin wuta da farin ƙyalle da lasifika. A ƙasar Sakkwato ta kudu, garuruwa irin su Tambuwal da Kebbe ba su san gidan silima irin Rex na Kano, wanda aka buɗe a 1937, ba. Hoto mai motsi ba ya isa ga mutumin karkara sai in mota ta kawo shi ƙofar hakimi, kuma garin da ke bakin titi, kamar Tambuwal a hanyar Sakkwato zuwa Jega, ya fi na lungu saukin samun wannan baƙuwa.

A 1939, shekarar da yaƙi ya ɓarke, kuma shekarar da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka. Ta ɗora William Sellers a kansa, wani jami'in tsabta da ya daɗe yana nuna finafinan kiwon lafiya a Nijeriya. Bukatar a fili take: ana son samari su shiga soja, ana son kuɗin gudummawa, ana son gyaɗa. Daga wannan sashe ne fim ɗin Africa's Fighting Men ya fito a 1943.

Duk wanda ya kalli irin waɗannan finafinai a yau zai lura da abu guda: horo ya fi yaƙi yawa. Ga kurata suna fareti, ga su suna sukar buhu da banati, ga layin karɓar abinci, kowa fes cikin kaki. Dalili na farko na sana'a ne. Akwatin ɗaukar hoto yana da nauyi, farmaki kuwa yakan zo da dare ko da asuba, mayaƙa a warwatse cikin hayaƙi. Wannan matsala tsohuwa ce. A shahararren fim ɗin yaƙin Somme na 1916, wurin da ake ganin sojoji suna fitowa daga rami shirya shi aka yi a bayan fage. Haka ma wani sashe na harin dare a Desert Victory na 1943, a ɗakin shirya fim na Pinewood aka ɗauke shi.

Dalili na biyu ya fi nauyi. Uwar da ta ga gawa a jikin ƙyalle ba za ta bar ɗanta ya bi mai ɗaukar soja ba. Saboda haka zazzaɓi da damina da dakon kaya a ka, waɗanda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka sha a dajin Bama a 1944 da 1945, ba su sami gurbi sosai ba. Sai da mazan jiya suka komo gida aka ji wannan ɓangare, a zaure da bakin kasuwa.

Abin da ya fi shafar mai nazarin harshe shi ne tafinta. Sellers ya ɗauka cewa ɗan Afirka ba ya iya bin hoto mai saurin sauyawa (zato ne da masana suka daɗe da rushewa), don haka yawancin finafinan sashensa a hankali suke tafiya, kuma ba su da murya. An bar magana ga mutumin da ke riƙe da lasifika. Takardar bayani da Turanci take zuwa, shi ne zai juya ta. Shi zai zaɓi ko ya ce igwa ko babbar bindiga, shi zai san inda zai sa raha, inda zai kambama Sarkin Ingila, da inda zai yi shiru. Ke nan fim guda yana iya zama labari biyu a garuruwa biyu. Faifan da yawa suna nan a ajiye a Landan, amma Hausar da aka yi a kansu a waɗannan darare da iska ta tafi.