Abin Da Ke Galabaitar Da Kifin Ado A Gida

Kifin da ake ajiyewa cikin akwatin gilashi domin ado ba ya kuka, saboda haka mai shi ba ya sanin ya galabaita sai ya ga ya ƙi abinci, launinsa ya dushe, ko ya taso saman ruwa yana haki. Yawancin wannan wahala daga ruwa take.

Ruwan famfon Abuja, wanda ake tacewa a madatsar ruwa ta Usuma kusa da Bwari, ana zuba masa sinadarin kulorin domin kashe ƙwayoyin cuta. Ga ɗan Adam alheri ne, amma ga kifi guba ce, don tana lalata gaɓoɓin da yake numfashi da su. Lalle ne a tari ruwa a bokiti, a bar shi a buɗe kwana ɗaya ko biyu, sa'an nan a zuba. Kada kuma a kwashe ruwan akwatin gaba ɗaya da sunan tsabta, gama canjin farat ɗaya yakan kashe kifi. A riƙa sake kashi 1 cikin 4 kowane mako.

A watannin Maris da Afrilu, iskar da ke cikin ruwa takan ragu saboda zafi, balle idan an ɗauke wuta na'urar hura iska ta tsaya. A kawar da akwatin daga bakin taga, a rage yawan kifin.

Abinci kuwa, a ba su abin da za su cinye cikin minti 2 ko 3. Ragowar ruɓewa take yi ta gurɓata ruwan.